Ƙaramar Tantan Mai Shan Gas Tana Juyawa Amma Ta Ƙi Tashi: Tambayoyi da Amsoshi

Wannan shafi na ƙananan motocin noma ne masu shan man gas, wato dizal, masu silinda biyu zuwa huɗu: Kubota, Yanmar, ƙananan Mahindra da Sonalika, da tsofaffin Massey Ferguson 135 da 240 masu injin Perkins. Matsalar guda ce: ka murɗa makulli, kiki, wato na'urar lantarki mai juya injin, ya amsa, injin yana ta juyawa, amma bai kama ba. Idan kikin ma bai motsa ba, ko ƙas-ƙas kawai kake ji, wannan wata magana ce daban. An jera tambayoyin daga abin da ba ya cin ko sisi zuwa abin da ke tatike aljihu, kuma haka ya kamata a bi su.

Me injin gas yake buƙata kafin ya tashi?

Ba shi da fulogin tartsatsi irin na injin fetur. Fistan ne ke matse iska har ta koma kashi ɗaya cikin 16 zuwa 23 na girmanta, matsin ya ɗumama ta ta haura digiri 500, sai nozul ya fesa mai kamar hazo a cikinta, ya kama da kansa. Ke nan abu huɗu ne: mai tsabtatacce da ba iska a cikinsa, iska isasshiya, zafin matsi, da fesawa a kan lokaci. Zafin matsin kuma ya dogara da saurin juyawa. Injin da ke juyawa a kasalance yana ba iska damar zurarewa ta gefen ring, ƙarfen silinda mai sanyi kuma ya shanye zafin.

Daga ina zan fara?

Daga bakin salansa. Ka sa wani ya murɗa makulli na daƙiƙa goma, totur a rabi, kai kuma ka tsaya gefe kana kallon abin da ke fita.

Idan ba hayaƙi ko kaɗan, mai ba ya shiga silinda. Idan farin hayaƙi ne mai warin ɗanyen gas, mai sa ido yaji, mai yana shiga amma ba ya kamawa: sai a nemi laifin a wajen hita (ɗan ƙarfen lantarki mai ɗumama injin kafin a tayar), saurin kiki, matsi, ko ingancin man. Idan baƙi ne, injin na tari kamar zai kama, iska ce ta yi kaɗan ko nozul yana zubar da mai maimakon fesawa.

Wannan kallo na daƙiƙa goma ya fi kwance rabin injin amfani. Kada kuma ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a lokaci guda. Ka bar kiki ya huta aƙalla minti ɗaya. Yawancin kikin da ke ƙonewa, a ranar da tantan ta ƙi tashi saboda wani dalili daban suke ƙonewa.

Ba hayaƙi ko kaɗan. Me zan fara dubawa?

Abubuwan da mutum ke jin kunyar a ce su ne. A tsofaffin tantan akwai maɓallin kashe inji da ake ja da hannu. Ka tabbata an tura shi ciki, sannan ka bi wayarsa har jikin famfon injekta, wanda ke tura mai da ƙarfi zuwa nozul, ka ga ko ɗan hannun da take ja ya koma mazauninsa. Wayar kan yi tsatsa, maɓalli ya shiga amma hannun famfo yana nan a kashe.

Sai tanki. Kada ka yarda da agogon mai, ka zura sanda mai tsabta. Idan tantan tana tsaye a gangare kuma man bai kai rubu'i ba, bakin tiyo na iya zama a sama da man. Duba ɗan famfon buɗewa da rufewa da ke ƙarƙashin tanki ko a kan filta.

Cire murfin tanki ka saurara. Idan ka ji iska ta ja ciki, ɗan ramin numfashin murfin ya toshe da ƙura, wani lokacin ma zanzaro ne ya liƙe shi da laka. Tankin da ba ya numfashi ba ya sakin mai.

Daga nan ka cire tiyon da ke shiga filta daga tanki, ka tara gwangwani. Ya kamata mai ya zubo da kaurin ramin tiyon, ba ɗigo-ɗigo ba. In yana ɗigo, 'yar ragar da ke cikin tanki ta toshe. Hura iska ta baya zai buɗe ta na ɗan lokaci, amma dattin yana nan ciki, zai dawo. Wanke tankin shi ne magani.

Mai ya ƙare mini a gona, ko na canza filta, tun daga nan ta ƙi tashi. Yaya ake fitar da iska?

Wannan shi ne abin da ya fi faruwa. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Famfon injekta yana tura ɗan mai ne da bai kai ɗigo ba a kowane bugu, don haka kumfar iska ɗaya a cikin bututu ta isa ta shanye bugun gaba ɗaya, nozul ya ƙi buɗewa. Aikin fitar da ita shi ne makanikai ke kira bilidin, kuma ana yin sa ne daga tanki zuwa nozul, ba a tsallake mataki.

Ka zuba mai ya haura rabin tanki. Ka goge filta da famfo da tsumma kafin ka taɓa kowane noti.

A kan injin Perkins mai famfon CAV:

1. Sassauta notin iska da ke saman filta, zagaye ɗaya ko biyu. Yi ta danna hannun ƙaramin famfon jawo mai da ke jikin injin har kumfa ta ƙare, mai zalla ya fito. Ɗaure notin yayin da man ke zuba. In filta biyu ce, ka fara da ta kusa da tanki.
2. A jikin famfon injekta akwai ƙananan notin iska biyu masu ɗaukar sifana 5/16. Fara da na ƙasa, sannan na sama da ke jikin murfin gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun injin. Ƙananan noti ne masu saurin karyewa, ɗan ɗauri ya ishe su.
3. Sassauta notin bututun ƙarfe a bakin nozul biyu, rabin zagaye. Buɗe totur gaba ɗaya, maɓallin kashewa a ciki, ka murɗa makulli. Da farko kumfa za ta fito, daga baya mai ya riƙa tsartuwa daidai da bugun injin. Ɗaure su, mayar da totur rabi, ka tayar.

In ka danna hannun famfon jawo mai ka ji shi sakwa-sakwa ba ya turo komai, kada ka yanke cewa ya mutu. Mai yiwuwa ya tsaya ne a kan tudun kamshaf. Juya injin zagaye ɗaya ka sake gwadawa.

A kan Kubota da Yanmar abin ya fi sauƙi. Yawancinsu tanki yana sama, mai na gangarowa da kansa. Akwai notin iska a kan filta, da wani noti ko ɗan famfo mai murɗawa da hannu a inda tiyo ke shiga famfon injekta. Ka buɗe, ka jira kumfa ta ƙare, ka rufe. Masu famfon jawo mai na lantarki kuwa, buɗe makulli kawai ba tare da murɗa kiki ba, za ka ji yana tak-tak-tak. Ka bar shi rabin minti zuwa minti ɗaya.

Gargaɗi ɗaya: man da ke fita daga nozul yana da matsin kusan psi 2,000 ko fiye, yana huda fata. Kada ka tara hannu ko yatsa don jin ko mai na fita. Wanda man ya shige shi, asibiti zai nufa nan take ko da wurin bai yi ciwo ba.

Na yi bilidin ta tashi ta yi aiki, washegari kuma ta sake ƙi. Me ke faruwa?

Tana shan iska a wani wuri tsakanin tanki da famfo. Abin da ke ruɗa mutane shi ne ba sa ganin mai yana zuba. Ramin da ya yi wa mai ƙanƙanta bai yi wa iska ƙanƙanta ba, kuma wani ɓangare na wannan hanya zuƙa yake yi, ba turawa ba. Da dare man sai ya koma tanki, iska ta maye gurbinsa.

Wuraren da aka fi samu: robar filta da ta karkace ko aka sa ta a kan tsohuwa, wasa na tagulla da aka sake amfani da shi a kan notin da tiyo ke shiga, tiyon roba da rana ta busar ya tsattsage a bakin kilif, da kofin gilashi na ƙarƙashin filta da ya yi tsaga. Filtar CAV mai lamba 296 tana zuwa da robobi manya biyu masu bambancin girma, ta sama da ta ƙasa, da ƙarama ta tsakiya. Ta sama a cikin kwarmin murfi take zama, ba a kan filtar ba. Wanda ya ɗora ta a kan filtar ya toshe hanyar mai da hannunsa.

Hanyar gano wurin: ka sa guntun tiyo garai-garai, mai nuna abin da ke ciki, daf da famfon injekta, ka ga ko kumfa na wucewa. Ko ka rataya kwalbar gas mai tsabta a sama ka ba famfon mai kai tsaye. In ta tashi lafiya da kwalba, famfon injekta ba shi da laifi.

Ka kuma ja sandar awon baƙin mai. In ya ƙaru, ya tsinke, yana warin gas, robar cikin famfon jawo mai ta yage, gas na zuba cikin injin. A canza famfon, a canza baƙin man ma.

Tantan ɗina da makulli ake kashe ta. Mene ne solonoyid, kuma yaya zan gane shi ne?

Ɗan ƙarfe ne mai waya a jikin famfon injekta, shi ke buɗe wa mai hanya ko ya rufe. Ka ɗora yatsa a kansa, wani ya buɗe makulli ba tare da murɗa kiki ba. Ya kamata ka ji ƙas. In shiru, duba fiyus tukuna, sannan ka auna ko volt 12 na isowa bakin wayarsa. Wuta na zuwa amma bai motsa ba, shi ne ya mutu ko ya maƙale. Wuta ba ta zuwa, sai a bi baya: fiyus, rile, makulli, wayar da ɓera ya ci.

Iri biyu ne, kuma rashin sanin haka na sa a sayi abin da ba a buƙata. Akwai wanda sai da wuta yake buɗewa. Akwai kuma wanda ake samu a wasu Kubota, wanda a buɗe yake kullum, sai an kashe makulli yake samun wuta na 'yan daƙiƙu ya ja ya kashe injin. Irin wannan ba ya ƙara idan an buɗe makulli, kuma lafiyarsa ke nan. Laifinsa shi ne ya maƙale a ja.

Makullan tsaro na kujera, kuloci, giya da shaf ɗin baya mai juya kayan aiki, yawanci kiki suke hana wa wuta. Amma a wasu tantan solonoyid suke yanke wa wuta, injin ya yi ta juyawa ba mai. Zauna sosai a kujera, giya a firi, shaf ɗin baya a kashe, ka sake gwadawa.

Ana iya cire solonoyid don gwaji, amma ka sani makulli ba zai kashe injin ba in ya tashi. Ka san hannun kashewa da ke jikin famfo tun kafin ka fara, ka kuma ajiye guntun katako mai faɗi na toshe bakin iska. Ba da tafin hannu ake toshewa ba.

Mai zalla yana isa famfon injekta, solonoyid yana aiki, amma ba abin da ke fita ta bututun ƙarfe.

In tantan ta yi watanni a ajiye, tsohon mai ya zama danƙo ko ruwa ya sa tsatsa a ciki. A famfon Kubota da Yanmar, sandar da ke zamewa gaba da baya tana daidaita yawan mai ce ke maƙalewa. In an cire solonoyid ko ɗan murfin gefe, ana iya taɓa ta: ya kamata ta zame ba gardama. A famfon CAV kuwa, bawul ɗin awon mai da ke ƙarƙashin murfin gwamna ne ke kafewa, ko ƙananan fistan na ciki.

Jiƙa wurin da gas mai tsabta da motsa shi a hankali yakan sake shi. Duka da guduma ba ya cikin aikin. Kuma kada a tayar da injin da sandarsa ke tafiya da ƙyar: in ta maƙale a wajen cikakken mai, injin zai ruga da gudun da ba totur ɗin da zai tsayar da shi.

Farin hayaƙi take yi, musamman da sanyin safiya. Hita ce?

Mai yiwuwa. Ƙananan injinan Kubota da da yawa daga cikin Yanmar suna fesa mai ne cikin wani ɗan ɗaki da ke kan silinda, ba kan fistan kai tsaye ba. Ɗakin yana shanye zafi, shi ya sa suke buƙatar hita ko da ba a cikin tsananin sanyi ba. Hita ɗaya ko biyu na iya mutuwa tun bazara ba a lura ba, sai asubahin hunturu a Kano ko Jos ya tona asiri.

Ka fara da yadda ake amfani da ita: sababbi daƙiƙa 5 zuwa 10 ko har fitila ta mutu, tsofaffi masu 'yar waya mai ja a gaban direba daƙiƙa 15 zuwa 30. Sannan ka auna ko wuta na isowa kan ƙarfen da ya haɗa hitocin. In tana isowa, cire ƙarfen, ka auna kowace hita ita kaɗai da mita tsakanin kanta da jikin injin. Mai lafiya tana nuna kusan ohm 1. Wadda ba ta nuna komai ta yanke a ciki. Wanda ba shi da mita ya yi amfani da ƙwan gwaji: waya a kan ƙafar batir mai alamar tarawa, tsinin a kan hitar, in ƙwan bai kama ba, ta mutu. In ba a cire ƙarfen haɗin ba, mai rai ɗaya za ta rufa wa matattu asiri.

Hitar da ta daɗe takan kumbura ko ta kafe. A jiƙa ta da man sassauta tsatsa, a kwance a hankali. Karyewarta a ciki na nufin ɗaga kan injin.

Perkins ba shi da hita a kowace silinda. Guda ɗaya gare shi a bututun shigar iska, mai waya da ɗan bututun mai, wadda ke kunna ɗan harshen wuta. A riƙe ta daƙiƙa 15 zuwa 20. Wannan injin kai tsaye yake fesawa, don haka in yana neman hita da rana tsaka, matsinsa ya fara tafiya.

Ai batir yana juya injin. Ta yaya zai zama shi ne?

Juyawa daban, juyawa da sauri daban. Injin gas na son kusan zagaye 150 zuwa 250 a minti kafin matsi ya yi zafin kunna mai. Batirin da zai tayar da motar fetur ba wahala yana iya kasa tayar da tantan.

Batir cikakke da ya huta yana nuna volt 12.6. In 12.2 ne, rabi gare shi. Amma awon gaskiya shi ne lokacin da kiki ke aiki: kada ya sauka ƙasa da 9.6. In ya sauka, ko batir ya gaji ko kiki na jan wuta fiye da kima saboda bushin da ya cinye. Ƙarancin wuta yana kuma sa solonoyid ya saki a daidai lokacin da ake juyawa, sai a ga ba hayaƙi, a ɗora wa famfo laifi.

Bayan ka murɗa, taɓa kawunan batir da wayar as, wato wadda ke zuwa jikin ƙarfe. Duk inda ya yi zafi, nan wuta ke maƙalewa. A kankare, a ɗaure. In za a ɗauko wuta daga wata mota, ta zama mai volt 12. Manyan motoci da yawa 24 gare su, za su ƙone hita da solonoyid nan take.

Yaya zan gane man ne ba shi da kyau?

Tsiyayi rabin kwalba daga ƙasan filta ko ƙasan tanki, ka ajiye minti goma. Ruwa ya fi gas nauyi, zai kwanta a ƙasa da layi a fili. Man da ya yi gajimare yana da ruwa a gauraye. Baƙin datti mai yauƙi kuma ƙwayoyin halitta ne da ke yaɗuwa a inda ruwa da mai suka haɗu, su ne ke toshe sabuwar filta cikin kwana biyu.

Ka shinshina. In warin fetur ne, kada ka ƙara murɗa makulli. Gas shi ne ke shafe cikin famfo da nozul, fetur kuwa wanke su yake yi. Kalanzir da ake gauraya wa gas ma yana rage wannan santsi. Tantan za ta tashi da shi, amma famfo ne ke biya a hankali. Mai sayen man jarka a bakin hanya ko mai ajiya a duro, ya bar shi ya kwana ya kwanta, ya ɗebi na sama, ya tace.

Magani: zubar da na tanki duka, wanke tanki, sabuwar filta, bilidin.

Baƙin hayaƙi take yi tana tari.

Cire filtar iska ka gwada na ɗan lokaci a wurin da ba ƙura. In ta tashi, ka samu. Ƙurar kaftu da ta casa na toshe filtar takarda cikin 'yan kwanaki, ɓeraye kuma na yin sheƙa a bututun tantan da aka ajiye. A hure filtar daga ciki zuwa waje, ba a buga ta a jikin taya. Mai kwanon mai a ƙasa, a wanke kwanon a zuba baƙin mai iya layi. Ka leƙa salansa ma, ita ma tana toshewa.

Yaushe zan zargi matsin injin?

Idan mai na fesawa, hita na aiki, kiki na gudu, amma farin hayaƙi kawai. Alamunsa ba sa zuwa dare ɗaya: ta daɗe tana wahalar tashi da safe, tana shan baƙin mai, tiyon numfashin injin na busa hayaƙi. Ka saurari juyawar ma. Injin lafiyayye na juyawa da nauyi iri ɗaya; in yana yi yana zarcewa a wuri guda, silinda ɗaya ta saki.

Kafin a ce ring, a duba tafet, wato ɗan sararin da ake bari a kan bawul, don gyaransa kyauta ne. Bawul ɗin da ba shi da sarari ba ya rufuwa sosai. A injin Kubota D1105 sararin milimita 0.145 zuwa 0.185 ne da sanyi, a Perkins mai silinda uku kuma 0.30. A tantan da ta daɗe a ajiye, bawul na iya maƙalewa a buɗe. Ɗaga murfin sama zai nuna.

Awon matsi da agogon injin gas ake yi, ta ramin hita ko na nozul, an rufe mai. Agogon injin fetur ba zai ɗauka ba. Ga D1105, lafiyayye na ba da psi 540 zuwa 600, ƙasa da 330 kuwa sai a buɗe inji, kuma bambancin silinda da silinda kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Kowane inji da nasa adadi. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare, ga kumfa a lagireto ko ruwa na raguwa, gaskit ɗin kai ne.

Makanike ya ce a fesa fetur ko maganin sauro a bakin iska. Ya halatta?

A injin mai hita, a'a. Abin feshin na kamawa tun fistan bai iso sama ba, ya doke shi a kan hanya. Daga nan ake samun karyayyen ring, fasasshen fistan, da lanƙwasasshen kwanrod. In ya tarar da hita da zafi, a cikin bututun iska zai fashe, kusa da fuskar mai fesawa. Abin da ake cewa inji ya saba da feshi ba sabawa ba ce: ring ne feshin ya lalata. Tsumma mai fetur ya fi muni, don injin na iya zuƙe shi.

In zafi ake nema, a fito da ita rana ta yi awa ɗaya, ko a yi hita sau biyu a jere.

A ja ta da wata mota fa, ko a haɗa kiki da sukudireba?

Mai giyar hannu tana tashi da ja in batir ne kawai ya yi sanyi, a babbar giya, a fili mai faɗi, da direba a kujera. Ja ba ya fitar da iska da kyau, ba ya gyara solonoyid. Mai tafiya da matsin mai, wadda ake taka feda gaba da baya ba kuloci, ba ta tashi da ja sam, illa ma a lalata mata giya.

Haɗa kiki daga ƙasa yana tsallake duk makullan tsaro, ga shi mai yin hakan yana tsaye ne a gaban tayar baya. In tana cikin giya, kansa za ta bi.

Tun da aka cire famfon injekta aka mayar ta ƙi tashi.

Tayimin ne. A Kubota akwai siraran faranti a ƙarƙashin famfo, su ne ke saita lokacin fesawa: kowane milimita 0.05 na sauya shi da kusan rabin digiri, ƙari na jinkirtawa, ragi na gaggautawa. Masu ɗaukarsu gaskit su yar, su shafa gam, su ne ke jawo wannan. Haka kuma ɗan ƙusan sandar mai dole ya faɗa cikin bakin cokalin gwamna lokacin zura famfon. A CAV akwai layi a jikin famfo da wani a jikin injin, sai sun haɗu kafin a ɗaure noti ukun. A duba kuma ko an sauya wa bututun ƙarfe gurbi.

Tawa sabuwa ce, mai kwamfuta. Duk wannan ya shafe ta?

Tanki, filta, batir, fiyus da iska, duk ɗaya ne. Amma kada ka sassauta bututun ƙarfe. Matsin da ke ciki ya haura psi 20,000, kuma kwamfutar ba ta barin nozul ya buɗe sai matsin ya cika kuma na'urar da ke ƙirga juyawar kiranshaf ta ba ta labari. Bilidin da famfon hannu na kan filta ake yi. In fitilar gargaɗi na kunne, sai na'urar karanta lambar matsala.

To yaushe ne za a kai famfo da nozul wajen mai injekta?

Bayan an tabbatar da abu huɗu: mai zalla ba kumfa yana isa bakin famfo, hannun kashewa ko solonoyid a buɗe yake, injin na juyawa da sauri, amma bututun ƙarfe a bushe suke ko ɗan jiƙewa kawai suke yi. Famfon da ya cinye yana da wata alama tasa: tana tashi da sanyi, amma in ta yi zafi aka kashe, sai ta huce.

Nozul ya fi arha, a fara da shi. Ka tsaya a gwada shi a gabanka a kan famfon gwaji: ya buɗe a matsin da aka ƙayyade masa, ya fesa hazo da ƙara mai kaifi, bakinsa kuma kada ya ɗiga. A kai su duka tare, a sa wa kowanne alamar silindarsa, a mayar da sabon wasa na tagulla bayan an tabbatar tsohon bai maƙale a ramin ba. Duk bakin bututun da aka buɗe a ɗaure shi da leda mai tsabta.

Za ta yi watanni a ajiye bayan kaka. Me zan yi don ta tashi da faɗuwar damina?

Cika tanki fal, don tankin da ba komai shi ke tara raɓa a ciki. Tsiyaye ruwan ƙasan filta. Cire wayar as ta batir, a riƙa yi masa caji duk wata. Kife gwangwani a bakin salansa in a tsaye take. Sau ɗaya ko biyu a wata a tayar da ita ta yi minti 20 har ta yi zafi, ana motsa totur sama da ƙasa don sandar famfo ta zame. Filtar mai kuma a canza ta duk awa 400 zuwa 500 na aiki, ko farkon kowace damina in man jarka ake sha, a ajiye guda ɗaya da robobinta a akwatin kayan aiki tare da sifana 17 da ta notin iska.